Shekarar da Na Yi Gadin Koren Ruwa

A shekara ta biyu da damina ta yaudare mu, rijiyar lambunmu ta ƙafe har muka ga dutsen da ke gindinta. Lambun na gado ne, ni da yayana muke nomansa, yana can gefen Damagaram a wani kwari tsakanin duwatsu, bayan katangar wata makarantar kwana. Mu goma sha biyu ne masu lambu a kwarin. Da rijiyoyi suka ƙafe, abin da ya rage mana shi ne ruwan da ke fitowa daga makarantar: na wankan ɗalibai, na wankin tufafinsu, na wanke-wanken madafa, da kuma wanda ba a faɗa. Yana bin wata kwata ta siminti ya ɓullo ta ƙarƙashin katanga, baƙi ƙirin da kumfa a kansa, ya gangara cikin ɗan tabkin da ke tsakiyar kwarin. Da shi muke ban ruwa. Ba mu faɗa wa masu sayen ganye a kasuwa, su ma ba su tambaya.

Ruwan yana da ƙarfi, wannan ba a musu. Shu ɗin da muke yi da shi, wato kabeji, yakan kai girman kan mutum, yakuwa kuwa kore shar. Amma yana da nasa haraji. Ƙafafun yayana sun yi gyambo tun daga idon sahu har ƙauri, ni ma hannuwana ba su rabuwa da ƙaiƙayi, kuma warin tabkin yana bin mu har gida. Duk da haka muna ganin mun fi mutane da yawa. A lokacin nan mutanen ƙauyukan Tirmini da na Damagaram Takaya suna ta shigowa gari da tabarminsu a ka, sun bar gero ya ƙone a tsaye, wasu 'ya'yan anza na daji suke jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita a ci. A cikin gari kuwa mata suna jera bido, wato jarkoki, a gindin famfo tun safe, sau da yawa su koma da shi wayam.

A irin wannan hali ne wata farar mota ta tsaya a bakin kwarinmu. Mace ce ta fito, ba ta fi shekara talatin ba, da takalmin roba mai tsawo a ƙarƙashin zaninta. Mai unguwa ya tara mu ya ce 'yar Mirriya ce, ta yi karatun ruwa a waje, an turo ta da wani poroje, wato shiri na gyara ruwan makarantar. Madam muke ce mata, har ta tafi ban ji wanda ya kira ta da wani suna ba. Ta yi bayani mai tsawo a ranar, amma rabinsa ya ɓace cikin surutunmu, don tun da ta ce za a tare kwatar kowa ya fara magana lokaci guda.

Da yamma muka zauna mu kaɗai a gindin gawo. Tambayar da ta dame mu ɗaya ce: a shekarar da mutane ke neman ruwan sha, me zai sa wani ya taso da mota da siminti da waya don ya kewaye ƙazanta? Wanda ya kewaye juji ya san abin da ke ciki. Wani ya ce filin ake so, ruwan hujja ce kawai. Wani ya ce za a tace a sayar mana da abin da muke samu kyauta. Da aka ji poroje yana neman gardi na rana, wato mai gadi, sai ido ya dawo kaina, domin na yi lakwal, wato boko, shekara shida, ina ɗan tsintar Faransanci. Yayana ya ce mini:

"Ka je ka karɓi aikin. Ba gadinsu za ka yi ba, gadinmu za ka yi. Abin da ka gani da rana, mu ji shi kafin magariba."

Haka na shiga. Wata biyu ana gini. Aka yi wani rami mai zurfi inda ruwan zai fara kwantawa laka ta sauka, sannan aka yi kududdufai biyu dogaye na siminti, marasa zurfi, ruwa ba ya wuce gwiwa. A kowanne aka kafa wata ƙafa mai fukafukai tana juyawa a hankali da wutar allunan rana, tana tura ruwan yana zagayawa. A ƙarshe aka gina ɗaki ɗaya aka sa masa ƙofar ƙarfe. Duk tsawon lokacin da ake cika kududdufan, rabin ruwan kawai ake sakar wa lambuna. Fangali uku na yayana suka bushe. Ya kai ni ya nuna mini su.

Wata safiya Madam ta zo da bido biyu cike da wani koren abu, ta juye a kududdufan. Kafin mako ya zagayo baƙin ruwan nan ya koma kore kamar an dama kuka a ciki, warin ma ya ragu. Na tambaye ta ko gansakuka ce. Ta ce danginta ne, amma ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru. Ta ce su tsiro ne, rana suke so, abincinsu kuwa shi ne abin da fitsari da sabulu da ragowar tuwo suka bari a cikin ruwa. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ta sa a ƙarƙashin wani madubi mai bututu, ta ce in leƙa. Na ga ƙwallaye kore birjik, wasu a manne huɗu-huɗu. Na ɗaga kai na duba gilashin, ban ga komai ba sai danshi. Da yamma da na ba da labari a gindin gawo, wani dattijo ya ce ta yaya na san ba a cikin bututun hoton yake tun can ba. Maganarsa ta zauna mini.

Abin da ke cikin ɗakin ya fi ba ni mamaki. Tiyo ne guda biyu masu kauri a tsaye, kowanne ya kai tsawon mutum. Ta buɗe ɗaya ta nuna mini: cike yake da wasu fararen zare kamar taliya, dubbai, kowane zare da rami a tsakiyarsa. Ta ce jikin zaren yana da ƙofofin da suka fi ƙarfin ido, ruwa ne kawai ke ratsa su, koren da tsutsa da ƙwayar cuta su tsaya a waje. Inji yana jawo koren ruwa ya tura shi ciki, ta wancan gefe kuma ya fito fari tas cikin wani tanki. Kowace sa'a injin yakan juya ruwan baya ya wanke zaren, sai wani kauri kore kamar kunu ya zubo a wani kwano na siminti.

Ranar da farin ruwan ya fara fitowa mutane suka cika bakin waya. Madam ta tara hannu ta wanke fuskarta a gabansu. Yayana ya matso ya ce ta sha. Ta ce ba za ta sha ba, kuma ba ta yarda kowa ya sha ba tukuna, na ban ruwa ne da wanki da shayar da dabbobi, sai an gama aune-aune. Yanzu na san gaskiya ta faɗa. Amma a ranar, ƙin shan nan ya yi mata ɓarna fiye da duk wata ƙarya da za ta iya yi. Aka je wa limaminmu da tambaya ko ana alwala da shi. Ya sa aka kawo masa a kwano, ya duba launinsa, ya sansana, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a ba shi lokaci. Har fari ya wuce bai ce an yi ba, bai ce ba a yi ba.

Aka fara sakar mana farin ruwa ta tiyo har cikin lambu. Babu wari, babu kumfa, ƙaiƙayin hannuna ya lafa. Amma kafin wata guda sai ganye ya fara canza fuska. Yakuwa ta yi fari-fari, shu ya ƙi naɗewa, tumati ya tsaya cak kamar yana jiran wani. Muka ƙara ruwa, babu canji. Na je na faɗa wa Madam, ina kallon idonta. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce haka ne, takin da ke cikin ruwan shi ne koren ya cinye, kuma don a cire shi aka yi aikin, domin shi ne ke ruɓar da tabki yana kashe awaki. Na ce to ina takin ya tafi. Ta nuna mini kwanon kunun nan.

Kunun kuwa na san abin da ake yi da shi, don ni nake taya ta. Mukan shimfiɗa shi a kan leda ya bushe a rana ya zama ɓawo-ɓawo, mu farfasa mu zuba a buhu, in na tashi da yamma ta kulle su a inda ban sani ba. Kowane mako biyu farar motar takan zo, direba ya shiga da motar bayan ɗakin, a sa kaya, su rufe, ya tafi. A lokacin ni aikina buɗe ƙofar waya ne, ban taɓa ganin abin da ake sawa ba.

Na kai wannan labari gindin gawo, daga nan ya shiga unguwa ya yi 'ya'ya. Wasu suka ce Turawa ake sayar wa suna yin magani. Mahaifiyarmu, wadda iyayenta daga Barno suka zo, ta ce ta taɓa ji a bakin kakarta cewa mutanen bakin tafkin Cadi suna kwashe wani kore a kan ruwa su shanya su yi miya da shi. Ita hira ta yi, amma kafin kwana uku maganar ta zama cewa koren kashin ɗalibai ake haɗawa a kunun da ake ba yaran da yunwa ta kama a asibiti. Wata mata daga cikin baƙin ƙauye ta ɗauke ɗanta daga wurin ba da kunun saboda wannan magana. Na ji labarin, na san daga bakina tushensa ya fito, amma ban je na warware shi ba.

Sai na ce bari in gwada da kaina. Na ɗebi ɓawon cikin aljihu sau uku, na kai lambu na marmashe shi a fangali ɗaya na yakuwa, ban faɗa wa kowa ba. Cikin kwana goma fangalin nan ya yi duhu, ganyensa ya buɗe, ya bar na kusa da shi kamar marasa lafiya. Na kira yayana na nuna masa. Ni a raina murna nake yi an gano inda ƙarfin yake. Shi kuwa ya tsuguna ya taɓa ganyen, ya ce to ga shaida, ta tatse ruwan ta ba mu tsiyayi, ta ɗaure nonon a buhu.

Ranar Juma'a ce abin ya faru. Madam ta tafi Mirriya wajen iyayenta, ni kuma na kulle ƙofa na tafi masallaci kamar kullum. Na lura yayana bai bi sahunmu ba, ya ce ƙafarsa na ciwo. Ban tambaye shi ba, kuma ba zan ce raina bai ba ni wani abu ba. Da na dawo na tarar an ɗaga waya ta gefen duwatsu, an fasa bakin siminti da diga a inda ramin farko ke haɗuwa da kududdufi, baƙin ruwa da kore sun haɗu suna malala cikin tsohuwar hanyarsu zuwa lambuna. Lakar ramin ta kwararo cikin kududdufi, injin kuma yana ta ja, yana wani kuka da ban taɓa ji ba. Na kashe shi kamar yadda ta koya mini, amma na makara. Laka da maiƙon madafa sun riga sun shiga tiyo ɗaya.

Washegari ta zo. Ta kwance tiyon, ta zaro zaren, sun yi baƙi sun manne, wasu sun tsinke. Ta yi yini tana wanke su da magani, ba su dawo ba. Da la'asar ta zauna a kan bido ta ce in zauna.

"Malam, tun makon farko na san kana kai rahoto," in ji ta. "Shi ya sa nake barin kayena na rubutu a buɗe a kan tebur, ko za ka karanta ka kai musu daidai. Wa ya fasa?"

Na ce ina masallaci. Ta ce ba ta tambaye ni inda nake ba. Na ce ban ga kowa ba, kuma wannan gaskiya ce ta baki. Sai ni ma na jefa mata tawa, na ce ina ake kai buhunan. Ta kalle ni, ta tashi ta ɗauko makulli, ta zagaya da ni bayan ɗakin inda wata 'yar rumfar kwano take, wadda na ɗauka ta kayan gini ce. Buhunan suna nan jibge har rufi. Ta ce abin da mota ke ɗauka 'yan ƙulli ne da kwalabe, ana kai su Yamai a auna ko akwai ƙwan tsutsa ko guba a ciki. In takarda ta dawo da kyau, takin namu ne, a raba wa masu lambu. Na ce me ya hana ta faɗa tun farko.

"Na faɗa," in ji ta. "Ranar farko, a gaban mai unguwa. Kuna ta magana."

Na yi ta juya ranar nan a kaina shekara da shekaru. Na tuna takalminta, na tuna hayaniyar, amma ban tuna wannan magana ba. Na tambayi mai unguwa daga baya, ya ce kamar ta faɗa, kamar kuma ba ta faɗa ba. Mai yiwuwa ta faɗa. Mai yiwuwa kuma sai da aka fasa simintin ne aka tuna da mu. Ban sani ba.

Ba ta kai ƙara ba, ba ta kore ni ba. Amma daga ranar ta daina barin makullin ɗaki a hannuna, ni kuma na daina zuwa gindin gawo kullum. Can ma an fara kallona da wani ido, ana cewa na ci gishirin poroje. Na faɗa musu abin da na gani a rumfar, wasu suka ce daren jiya aka dawo da buhunan don a nuna mini. Na je wurin matar nan da ta ɗauke ɗanta, na same ta a wani kango kusa da tasha, na rantse mata babu ruwan kunun asibiti da korenmu. Ta saurare ni har na gama, ta ce ni wane ne. Na ce gardin wurin. Ta ce ai dole in faɗi haka. Ban san ko ta mayar da yaron ba, da na koma bayan kwana biyu sun tashi.

Da tiyo ɗaya ruwan da ke fitowa ya ragu da rabi, kuma mu ne muka ji a jikinmu. Aka koma ban ruwa bi da bi, kowa kwana biyu. Madam ta rubuta a aiko da wani tiyon, aka ce yana hanya, har ta bar garin yana hanya. A tsakiyar wannan ƙunci sai wata motar tanki ta fara zuwa sau biyu a mako tana ɗibar farin ruwan. Aka ce na dashen itatuwan makaranta ne. Ɗaya daga cikinmu ya bi ta a kan keke, ya dawo ya ce wani gida ake ginawa da shi a bayan gari, mai bene. Na tambayi Madam. Ta daɗe tana goge hannunta da tsumma, sannan ta ce ba ita ta sa hannu a takardar motar ba. Na ce wa ya sa. Ta ce in bar wannan. A fuskarta na ga ita ma akwai waɗanda take zargi, kuma ba ta fi mu ikon yin komai a kai ba. Ko kuwa haka take so in gani. A wannan shekara na koyi zargin har abin da idona ya nuna mini.

Takardar Yamai ta zo ana saura wata biyu damina. Aka ce takin yana da kyau in an ƙara shanya shi an haɗa da ƙasa. Mai unguwa ya zo aka raba buhunan a gabansa, kowa ya sami nasa. Waɗanda suka zuba sun ga abin da na gani a fangalina. Yayana ya karɓi rabonsa ya ajiye a zaure, ya ce ba zai yi godiya don an dawo masa da abinsa ba. Sai da ya ga tumatina ya wuce nasa sannan ya fara ɗiba, shi ma in ba na nan. Gyambon ƙafarsa ya kame a watannin nan, tunda ba ya tsayawa cikin baƙin ruwa. Da mahaifiyarmu ta ce ruwan Madam ne ya warkar da shi, ya ce man da wani wanzami ya ba shi ne. Maganar diga kuwa ba mu taɓa yin ta ba, ni da shi, har ya rasu.

Damina ta sauka a shekarar, ba mai yawa ba amma ta isa gero ya yi kai. Baƙin ƙauye suka koma gida, rijiyarmu ta kawo ruwa kamu biyu. Poroje ya ƙare, aka mayar da Madam wani gari. Kafin ta tafi ta koya mana yadda za mu jera tsakuwa da yashi a tonno, wato duro, mu tace koren ruwan in tiyon da ya rage ya mutu, kuma ya mutu a rani na gaba. Yashin ba ya fitar da shi fari kamar zaren, amma da shi muka ci gaba shekaru.

Ranar tafiyarta ta bi lambuna tana sallama ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso namu ta gaishe da yayana, ta ce masa Baba, ta tambayi ƙafa. Ya amsa da mutunci, ya shiga ciki ya cika mata kwando da tumati, ya ɗauka da kansa har mota. Ta yi godiya, ta ce a yafe juna. Muka tsaya har motar ta haye kan kwalta. Sai ya juyo ya ce mini daga fangalin da ya sha tsohon ruwa ya tsinko mata su, ta je ta ci ta ji bambanci. Na duba lambun, na rasa fangalin da yake nufi, don rabon da baƙin ruwa ya shigo mana tun ranar Juma'ar nan. Na buɗe baki zan tambaye shi, ya riga ya ɗauki guga ya nufi rijiya.